Auta ya ƙi ba ni yatsa

7.6 na samu yau da asuba da na auna sugan jinina. Ba laifi in aka tuna satin bikin nan, amma raina ya so in ga 6 da wani abu, don jiya ko rabin malmalar tuwo ban ƙarasa ba, miyar kuka na fi sha. Likitata ta taɓa ce min in daina ɗora wa abincin dare laifi kullum, wai gab da asuba hanta kan saki suga cikin jini don jiki ya samu ƙarfin tashi, mu kuma masu ciwon suga da insulin ɗinmu, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ba ya aiki yadda ya kamata sai ya taru. To shi ke nan. Na rubuta a littafi, na ci ƙosai huɗu da shayi ba suga, na haɗiyi maganin sugana, metformin.

Tattakin safe ya yi daɗi wallahi. Hazo ya fara sauka, Murtala Square ta cika da mutane, ni da Maman Ummi muka yi minti 30 cur muna hira har ban san lokaci ya cika ba. Na dawo gida da nishaɗi, har da waƙa a kicin.

Bayan azahar na hau napep zuwa Tudun Wada. Na tsaya Kasuwar Barci na saya wa Umma zogale da yalo. Mai maganin gargajiya yana nan da lasifikarsa, wai kwana bakwai suga ta bar jiki har abada, mutane sun yi masa da'ira.

Muna zaune muna tsinke zogalen ni da Umma sai ga Auta, rabona da shi an fi wata biyu. Yana shigowa gabana ya faɗi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, agogon hannunsa yana ta zamewa, kuma kafin mu gama gaisawa ya shanye ledar ruwa biyu ya aiki yaro ya ƙaro. Cikin awa ɗaya sau biyu yana tashi ya zagaya bayi. Na ce Auta wannan ƙishirwa fa? Ya ce zafi ne. Zafi, a cikin hunturun nan da Umma take zaune da safa a ƙafa.

Sai kawai na jawo jaka na fito da na'urar awon suga.

"Kawo yatsarka."

"Haba Yaya, daga zuwa gaisuwa?"

"Ko minti ɗaya ba za a yi ba, sabuwar allura zan sa maka."

Ya yi dariya ya tura hannayensa duka biyu cikin aljihu. "Ni lafiyata ƙalau. Ku masu aune-aunen nan ai ku ne kullum a layin asibiti. Abin da mutum bai tono ba ba ya damunsa."

Na danne zuciyata na fara yi masa lissafi a hankali, Baba, Gwaggo, Yaya Babba, ni, mutum huɗu masu ciwon suga a gida ɗaya, kuma wannan irin na manya da ake kira nau'i na 2 yana bin jini sosai, wanda iyayensa ko 'yan uwansa suke da shi ya fi kowa kusa da shi. Na ce ko yanzu da ka ci abinci in muka ga 11.1 ko sama da haka tare da wannan ƙishirwa da rama, magana ce ta ganin likita gobe-gobe, in kuma ka fi so ka zo da safe ba ka ci komai ba, 7.0 ne iyakar da ake dubawa, asibiti su sake tabbatarwa. Yana ta kallon ƙasa, na ɗauka maganar tana shiga. Sai ya ɗago ya ce,

"Baba ai ya auna. Me awon ya yi masa?"

Tsakar gidan ta yi tsit. Ita ce maganar da ta hana ni barci har yanzu.

Baba ya auna, gaskiya ne, Allah Ya jiƙansa. Amma yaushe? Sai ranar da ya dawo daga shago ya cire takalmi aka ga jini, ashe ƙusa ce ta huda ta shige tafin ƙafarsa ya wuni yana yawo a kanta bai ji komai ba. Suga ta riga ta yi shekaru tana cin jijiyoyin ƙafar a ɓoye. Daga nan gyambo, daga nan aka cire yatsa, sai ido ya fara hazo, sai ƙoda. Ni ce mai wanke ƙafar safe da yamma, har yau in na ji warin maganin wanke ciwo sai tsigar jikina ta tashi. Kuma Auta ne yake goya shi zuwa mota duk ranar asibiti, don shi ne mai ƙarfi a cikinmu. Ya ga komai da idonsa. Tsoro ne yake cinsa, na sani sarai, domin ni ma shekarata 41 lokacin da nawa ya fara, daidai shekarunsa yanzu, na kusa shekara guda ina cewa zafi ne, gajiyar aiki ce, kafin in yarda a ɗibi jinina. Gwajin nan mai nuna matsakaicin suga na wata uku, HbA1c, 9 da ɗoriya ya nuna a lokacin. Na baya-bayan nan 7.1, ƙafafuna biyu lafiya, an duba idona bara an ce ba komai.

Wannan ya kamata in gaya masa. Amma abin da ya fito bakina shi ne, "To ka zauna sai an yanke maka ƙafa mu goya ka." A gaban Umma. Fuskarsa ta canza nan take, ni ma ina rufe baki jikina ya yi sanyi.

Umma ce ta ajiye tiren zogale ta miƙo min hannu, ta ce zo ki auna ni. Ita da ba ta da ciwon suga, kuma ta tsani allura. Na goge yatsar na tsikara, 6.3. Ta ce ko cizon sauro bai kai ba, tana faɗa tana kallon ƙofa ba ta kalli kowa ba. Auta ya tsaya har lambar ta fito, na ga ya leƙa. Sai aka kira la'asar ya ce bari ya je masallaci, bai dawo ba.

Na bar na'urar a ɗakin Umma, kan durowa, da tsinken awo uku da sababbin allurai, na nuna wa jikarta yadda ake yi. Auta ya kan biya ta can da safe kafin ya wuce aiki.

Abban yara ya ce in kira shi in ba shi haƙuri, kar in ambaci suga ko kaɗan. Na kira sau biyu bai ɗauka ba. Na tura saƙo, an karanta.

Abincin dare faten wake da alayyahu, kaɗan na iya ci. Na duba ƙafafuna na shafa mai. Gobe ba awo tunda na'urar tana Tudun Wada, layin goben a littafi zai zauna ba komai.