Dattijon Gidan Sadaka da Ƙuri'arsa

Cikin duk abin da na karanta lokacin da nake binciken tarihin dokokin zaɓe a jami'a, babu abin da ya zauna mini a rai kamar shari'o'in tsofaffin da ke zaune a gidajen sadaka na Ingila. Aikin da malaminmu ya ba ni a kan sharaɗin dukiya ne, wato zamanin da ba a ba mutum ƙuri'a sai yana da gida ko fili mai wata daraja. Manyan dokokin zaɓen Ingila na 1832 da 1867 da 1884 kowane ɗalibi ya san su. Amma ban gane abin da suke nufi ga mai rai ba sai da na shiga ƙananan shari'o'i, inda manyan alƙalai ke zaman jayayya a kan ɗaki guda na tsoho guda.

Waɗannan gidaje kusan waƙafi ne. Attajiri ko basarake zai gina ɗakuna a jere, ya ware gonakin da kuɗin hayarsu zai riƙa ciyar da gajiyayyu bayan ransa, ya kuma rubuta ƙa'idoji: wa za a ɗauka, nawa za a ba shi a mako, wace riga zai sa, yaushe zai halarci coci. Daban suke da gidajen aikin matalauta da dokar 1834 ta bazu da su, waɗanda harajin unguwa ke ɗauke da nauyinsu. Mazaunin gidan aiki ba a ma kawo maganar ƙuri'arsa. Shi kuwa na gidan sadaka yana da ƙofarsa da murhunsa, a nan rigimar take.

Tun 1430, a mazaɓun karkara, ƙuri'a ta mai mallakar fili ce wanda ke kawo masa sule 40 a shekara, wato fam 2. Dokar 1832 ta ƙara da maigidan birni da ke zaune a gidan da darajarsa ta kai fam 10 a shekara. Sai sashe na 36 ya ce a birane ba za a rubuta sunan duk wanda ya karɓi tallafin matalauta na unguwa, ko wata sadaka mai hana zaɓe, cikin wata 12 da suka wuce ba. Wace sadaka ce mai hanawa? Dokar ba ta fayyace ba, ta bar wa kotu.

Ga yadda abin yake gudana. Kowace shekara jami'an unguwa su rubuta jerin masu zaɓe su manna a ƙofar coci. Da kaka sai wani lauya da aka naɗa don tace jerin ya zo ya zauna kamar alƙali. Wakilan jam'iyyu biyu suna gabansa, kowa riƙe da sunayen da yake so a soke, domin a ƙaramar mazaɓa ƙuri'a goma tana iya juya zaɓe. Idan aka san tsofaffin wani gida suna bin ɓangaren iyalin da suka gina shi, abokan hamayya za su kai ƙorafi a kansu baki ɗaya. Daga 1843 kuma aka buɗe hanyar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Landan, shi ya sa labarinsu ya iso mana a rubuce.

Shari'a biyu na shekarar 1844 su suka koya mini mafi yawan abin da na sani. Duka biyun daga lardin Northamptonshire suka fito. Ta farko a kan gidan da William Cecil, babban wazirin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ya kafa a Stamford a 1597. Kowane tsoho a can yana da ɗakinsa, kuma zamansa na har mutuwa ne. Kotu ta ce wannan mallaka ce ta tsawon rai, don haka suna da ƙuri'a. Ta biyu a kan gidan sadaka na garin Rothwell. Tsofaffinsa ba su fi na Stamford talauci ba, su ma sadakar wanda ya daɗe da mutuwa suke ci. Amma takardar kafa gidan ta ba masu kula da shi ikon fitar da mutum duk lokacin da suka ga ya dace. Kotu ta ce waɗannan ba su mallaki komai ba, ba su da ƙuri'a.

Na daɗe a kan waɗannan hukunce-hukunce biyu. Ba aljihun tsohon kotu ta duba ba, domin duka aljihunan wayam suke. Tambayar da ta yi ita ce: akwai wanda zai iya korarsa don ya ga dama? In babu, to mutum ne mai cin gashin kansa, ko da rigar jikinsa ta sadaka ce. In akwai, to a hannun wani yake. Ƴan layuka da wani magatakarda ya rubuta fiye da shekara ɗari biyu baya su suka raba maƙwabta biyu, ɗaya ɗan ƙasa mai murya, ɗaya ɗan kallo. Tun daga nan, duk dokar tallafi da ta zo hannuna, kafin in duba nawa ake bayarwa sai na fara neman sashen da ya faɗi wa ke da ikon yankewa, da kuma ko wanda aka yanke wa yana da inda zai kai kuka.

Daraja ma ba ta ceci kowa ba. A 1858 an hana tsofaffin hafsoshin soja da ke zaune a gidajen cikin fadar Windsor ƙuri'a, domin a ganin kotu zamansu na masu cin alherin gidauniya ne, ba na masu gida ko ƴan haya ba. Mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a fagen daga ke nan.

Ya kamata in yi wa masu wannan doka adalci, domin hujjarsu ba ta wofi ba ce. Masanin shari'a William Blackstone ya bayyana a 1765 cewa manufar sharaɗin dukiya ita ce a ware waɗanda halin da suke ciki ya sa ake ganin ba su da ra'ayin kansu, don kada mai kuɗi ya tara ƙuri'unsu ya zama mai ƙuri'a ɗari. A lokacin a fili ake zaɓe. Mutum ya hau dandamali ya faɗi sunan wanda yake so, a rubuta, daga baya ma a buga littafin kowa ya saya ya gani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, tsohon da abincinsa ke hannun amintattun da ke kula da gidan kuwa ya san suna kallo.

Inda na rabu da su shi ne a kan wanda suka ɗora wa hukuncin. Ita wannan doka ta 1832 ɗin ta ba manomin da ke hayar gona a kan fam 50 a shekara ƙuri'a, ko da mai gonar yana iya tashinsa ba tare da wani dalili ba. Shi ma a hannun wani yake, kuma an san masu filaye suna kora ƴan hayarsu zuwa wurin zaɓe. Ba wanda ya ce ba shi da ra'ayin kansa. Ashe tsoron dogaro da wani a kan matalauci kaɗai yake aiki. Mai bayarwa da ake zargi da sayen ra'ayi kuwa ba a taɓa ƙuri'arsa ba.

A 1872 aka kawo zaɓen sirri, rabin hujjar ta rushe, amma haramcin zaɓe a kan mai karɓar tallafi ko sadaka bai motsa ba. Dokar 1867 ma ta riga ta faɗaɗa shi zuwa karkara. A 1876 kotu ta soke sunayen wasu mutanen yankin Petersfield saboda sun karɓi rabon kuɗin wata wasiyya da amintattu ke bai wa wanda suka zaɓa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar magani. Kafin 1885, in ɗan lebura ya kwanta ciwo uban ya kira likitan matalauta na unguwa, ana lissafa wannan a matsayin tallafin da uban ya karɓa, sunansa ya fita daga jerin. Uba ne aka sa a tsakanin ran ɗansa da ƙuri'arsa. Sai a wannan shekarar majalisa ta cire magani daga cikin abubuwan da ke hana zaɓe.

Mata kuwa, waɗanda suka cika yawancin irin waɗannan gidaje, ba sa cikin wannan jayayya ko kaɗan, domin ko mai gidan bene ce ba ta zaɓen majalisa a lokacin.

Wajen 1897 kotu ta sake komawa kan ma'aunin 1844, ta bar wa tsofaffin gidan Charterhouse na birnin Hull ƙuri'arsu, domin abin da suke karɓa haƙƙinsu ne a ƙarƙashin tsarin gidan, ba alfarmar wani ba. A ganina wannan ma'auni shi ya nuna wa majalisa mafita. Dokar fanshon tsofaffi ta 1908 ta ba wanda ya kai shekara 70 kuma samunsa bai taka kara ya karya ba har sule 5 a mako, ya je gidan waya ya karɓa, ta kuma rubuta ƙarara cewa karɓar fanshon ba zai hana shi zaɓe ba. Talaucinsa yana nan, taimako yake karɓa, amma ba wanda zai durƙusa wa.

Dokar 1918 ce ta share haramcin tallafi da sadaka gaba ɗaya, ta ba kusan duk namiji mai shekara 21 ƙuri'a, da matan da suka kai 30 bisa sharaɗin gida. Shekara huɗu bayan haka, a 1922, Gwamna Hugh Clifford ya kawo tsarin mulkin da ya fara ba da kujerun zaɓe a majalisar dokokin Najeriya, uku a Legas, ɗaya a Kalaba. Mai zaɓe sai namiji baligi da ke samun fam 100 a shekara. Arewa ba ta ma ƙarƙashin wannan majalisa, gwamna ne ke yi mata doka da kansa.