Kafin ka canza furosesa, duba abin da ke cikin kesin ɗinka tukuna

Tambayar da ta fi yawa a cikin saƙonnin da ake turo min ita ce, "Malam wanne zan saya, i7 ko Ryzen 7?" wato furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma kusan duk mai tambayar ba ya faɗin mazabod ɗin da yake kai, wato babban faifan da ake dasa duk kayan kwamfutar a kansa, ba ya faɗin katin girafik ɗinsa, ba ya ma faɗin gem ɗin da yake bugawa. To ni dai gaskiya ba ni da amsa a haka, don sunan i7 kaɗai ba ya nufin komai. i7-4770 tun 2013 ya fito, kor huɗu gare shi, wato sassan da ke yin aikin a cikin furosesa, i3-12100F kuwa na 2022 ne shi ma kor huɗu, amma a gem ƙaramin nan zai bar shi nesa ba kusa ba. Abin da ke ci min rai shi ne har yau akwai masu ɗauko tsofaffin kwamfutocin ofis na tokunbo su manna musu fitilu masu kala-kala su ce wa yaro ai i7 ce ta gem, yaro ya zube kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya tafi gida yana murna. Lambar da ke gaban i7 ɗin ita za ka karanta.

Ni a wurina ba ka da dalilin taɓa furosesa sai ka tabbatar shi ne yake riƙe ka. Gane haka kuma ba kuɗi ake biya ba. Ka sauke manhajar MSI Afterburner ka kunna lambobin nan da ke fitowa a gefen allo, ka shiga gem ɗin da ka fi bugawa, wurin da ya fi cunkoso, sai ka kalli katin girafik. In yana kan kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari to shi ne ya ƙure, ko furosesan miliyan nawa ka saka ba abin da zai ƙaru sai ɗan kaɗan. In kuwa katin yana lilo a 60 ko 70 amma gem ɗin yana sarƙewa, ka rage girafik ɗin zuwa ƙasa firem ɗin, wato yawan hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa, bai motsa ba, to nan ne za a fara zargin furosesa. Kada kuma jimillar da Task Manager ke nunawa ta ruɗe ka, zai iya ce maka 40 alhali kor ɗaya ya cika maƙil kuma shi ne gem ɗin ya jingina a kai. Irin su Valorant da Counter-Strike 2 da Fortnite a 1080p sun fi matsa wa furosesa, wanda yake buga manyan gem a 1440p ko 4K shi nauyin yawanci kan katin yake.

Ko da ka ga alamar furosesa ne, ka buɗe kesin ɗin tukuna. Mu nan arewa ƙurar hunturu ba ta raga wa komai, za ka cire fankar furosesa ka tarar ƙura ta daddale tsakanin ƙarafan kamar an shimfiɗa bargo, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya zama gari, ga zafin Afrilu a ɗakin da ba AC. Furosesa in ya doshi digiri 95 ko 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ka hure ƙurar, ka sa sabon mai, ka sake gwadawa. Sannan ka ƙirga ram ɗinka, in sanda ɗaya ce ta 16GB to rabin hanyar kawai kake amfani da ita, biyu na 8GB sun fi ta a gem, Ryzen musamman yana jin wannan bambancin sosai.

To a ce duk ka yi wannan kuma ya tabbata furosesan ne. Yanzu maganar ta koma kan soket, wato gurbin da furosesa ke zama a kan mazabod, shi zai gaya maka ko kuɗi kaɗan za ka kashe ko kuwa sai ka rushe komai.

In kana kan AM4 na AMD wallahi ka yi sa'a. Ryzen na farko ya hau wannan soket ɗin a 2017, kuma kamfanin ya ci gaba da fitar masa da sababbi har 2024, su 5700X3D. Ma'ana wanda ya haɗa kwamfuta da Ryzen 5 1600 ko 2600 a kan mazabod B450, kai har da B350 da yawa bayan afdet ɗin BIOS (manhajar da ke cikin mazabod) na 2022, zai iya zare tsohon ya dasa Ryzen 5 5600 ba tare da ya canza ram ko mazabod ba. Ni wannan ita ce shawarar da na fi bayarwa, kuma ban ga wadda ta kai ta arha da amfani ba. Amma a kula, 5500 da 5600G ba ɗaya suke da 5600 ba duk da sunan ya yi kama, ƙaramar ma'ajiyar da ke jikinsu wadda ake kira kash 16MB ce, ta 5600 kuwa 32MB, gem kuma yana son wannan ma'ajiyar. Shi ya sa ma 5800X3D da ya fito a Afrilun 2022 da 96MB ya yi suna haka, sai dai daga baya samunsa sabo ya yi wuya.

Wajen canjin ga abu biyu da nake roƙon ku. Ka yi afdet ɗin BIOS tun tsohon furosesan yana ciki, in ka riga ka cire shi allon ba zai kawo ba. Kuma don Allah kada ka yi afdet ɗin nan a kan wutar NEPA zalla, ka jona UPS ko inbata, in aka ɗauke wuta a tsakiya mazabod ɗin zai iya mutuwa. Na biyu, furosesan AM4 ƙafafunsa a jikinsa suke, in man ya bushe ka fizgi fankar kai tsaye za ta taho da shi ƙafafun su lanƙwashe. Ka bar kwamfutar ta ɗan yi ɗumi, ka kashe, ka murɗa fankar hagu da dama a hankali sannan ka ɗaga.

Ɓangaren Intel kuma soket ɗin LGA1700 ya ɗauki furosesan ƙarni na 12 da 13 da 14, kuma akwai mazabod ɗinsa masu cin ram na DDR4, don haka i5-12400F har yanzu zaɓi ne mai kyau ga mai ƙaramin aljihu, sai dai harafin F yana nufin ba girafik a jikinsa dole sai da kati. Manyan ƙarni na 13 da 14, su i7 da i9, su ne aka yi ta ƙorafi a kansu a 2024 suna lalacewa saboda yawan wutar da ke shigarsu, har Intel ta fitar da gyara ta BIOS ta ƙara garanti na shekara biyu. Ni ba zan sayi na hannu a cikinsu ba, ba ka san wahalar da ya sha ba kafin ya iso Computer Village ko Banex, garantin kuma wa zai bi maka shi daga nan? Ga kuma wuta, i9-14900K yana iya jan wat 253 shi kaɗai, 5600 kuwa a 65 aka ƙayyade shi. Mai amfani da sola ko ƙaramin janareta ya san me wannan ke nufi da daddare.

Wanda zai haɗa sabuwa daga tushe shi AM5 zan nuna masa, tun Satumbar 2022 yake kuma AMD ta ce za ta riƙe shi har 2027 ko fiye, amma ram na DDR5 kaɗai yake ci, ga ram ya yi tashin gwauron zabi tun ƙarshen 2025. Ryzen 5 7600 ya ishi yawancinmu. 7800X3D da 9800X3D babu shakka suna sahun gaba a gem, amma ka haɗa su da katin RTX 3060 asarar kuɗi ce, gara ka sauko kan furosesa ka zuba ragowar a katin.

Inda kawai zan ce canji ya zama dole shi ne wanda yake kan Intel ƙarni na 7 zuwa ƙasa ko Ryzen na farko. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga ƙarni na 8 da Ryzen 2000 take farawa, tana kuma neman tsarin tsaro na TPM 2.0. Sababbin gem irin Battlefield 6 ma sai da TPM da Secure Boot suke buɗewa. Mai Ryzen 1600 furosesa kawai zai canza ya wuce wurin, mai i7-4770 ko 7700 kuwa ya fara tara kuɗin mazabod da furosesa tare, mai 4770 har da na ram, katin girafik da SSD da kesin ya riƙe abinsa, duk za su bi shi zuwa sabuwar.