Ɗan Hakin da Na Raina: Shawara ga Masu Fara Koyon Mandiƙi

Ƙannena masu shirin fara ilimin mandiƙi, wato ilimin auna ingancin hujja, ko ta hanyar darasin falsafa a jami'a, ko lissafi, ko ilimin kwamfuta, bari in ba ku labarin yadda na ɓata shekara guda cur, don kada ku bi sawuna.

Muna aji biyu malaminmu ya rubuta sunan littafi ɗaya a allo, ya ce shi za mu bi daga farko har ƙarshe: Introduction to Logic na Irving Copi, wani Ba'amurke. An fara buga shi a 1953, kuma an yi ta sabunta shi bugu bayan bugu. Na aro shi a laburare, na buɗe, sai na tarar yana bayanin mece ce hujja, mece ce muƙaddima (maganar da ake gina hujja a kanta), mece ce natija (abin da hujjar ta kai gare shi). Raina ya ce wannan ai karatun yara ne. A lokacin kunnena ya cika da sunayen manya. Na ji labarin Principia Mathematica na Whitehead da Russell, mujalladi uku da suka fito tsakanin 1910 da 1913, inda sai an wuce shafi 300 kafin a kama hanyar tabbatar da cewa ɗaya da ɗaya biyu ne. Na ji labarin Kurt Gödel, wanda ya nuna a 1931 cewa duk tsayayyen tsarin ƙa'idoji da ya isa ya ɗauki lissafin ƙidaya, kuma ba ya cin karo da kansa, akwai maganar da ba zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba. Can nake son zuwa. Na mayar da Copi, na kwaso bayanai kan Gödel, ina karantawa ina haddace jumloli, ina maimaita wa abokai a ɗakin kwana.

Ranar jarrabawa aka ba mu hujja irin wannan, aka ce mu faɗi ko ingantacciya ce: Idan an kawo wuta, kwan zaure zai kama. Kwan zaure ya kama. Saboda haka an kawo wuta. Ban yi wata-wata ba na rubuta cewa ingantacciya ce. Ba haka ba ne. Mai gida yana iya tayar da janareta, kwai ya kama alhali layin duk duhu. Muƙaddimar ta ce wuta tana kawo haske, ba ta ce wuta kaɗai ke kawo shi ba. Wannan kuskure yana da suna da bayani da misalai a cikin littafin da na mayar. Na faɗi darasin, sai da na maimaita. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da na dawo shekara ta biyu na sake yin wani kuskuren, kuma shi na fi ji muku tsoro, don yana kama da ƙwazo. Na karanta littafin tun daga bango, babi bayan babi, ina kwance a kan katifa kamar mai karanta labari. Duk abin da ya faɗa sai in ji na gane. In na iso tambayoyin ƙarshen babi sai in duba, in ce wannan na san yadda za a yi, in wuce. Gwajin farko ya sake kayar da ni. Na je ofishin malam da littafin a hannu, na ce, "Malam, wallahi na karanta shi duka." Bai karɓi littafin ba. Ya ce, "Kawo mini takardun da ka ɓata." Na ce waɗanne? Ya ce, "Waɗanda ka yi aiki a kansu, ka yi kuskure, ka soke." Ba ni da ko ɗaya. Ya miƙo mini farar takarda da biro, ya ce in zana masa jadawalin gaskiya da ƙarya na kalmar "idan". Na yi minti goma ina kallon takardar.

Ga abin da na kasa zanawa. Uba ya ce wa ɗansa, "Idan ka sauke Alƙur'ani bana, zan ɗinka maka babbar riga." Hali huɗu ne kawai za su iya faruwa. Yaro ya sauke, an ɗinka: uba ya cika alkawari. Yaro ya sauke, ba a ɗinka ba: uba ya saɓa. Yaro bai sauke ba, ba a ɗinka ba: babu mai cewa uba ya yi ƙarya. Na huɗun ne ke rikita mutane: yaro bai sauke ba, amma uba ya ɗinka masa don Sallah ta zo. Nan ma bai saɓa ba, domin bai taɓa faɗin abin da zai yi in ba a sauke ba. Ke nan a layi ɗaya tak cikin huɗu maganar ke zama ƙarya. Na karanta wannan a littafi ya fi sau uku, amma bai zauna mini ba sai da na zana layukan da hannuna. Jumla biyu layi 4 ne, uku layi 8, biyar layi 32, kuma sai ka cika irin wannan jadawali da kanka kake gane dalilin da ya sa ake neman gajeriyar hanya.

Gajeriyar hanyar ita ce ƙa'idojin cire natija. Copi ya kawo guda 19: tara na cirewa, goma na musanya jumla da makamanciyarta. Kada ku haddace su kamar waƙa. Ku yi ta aiki da su har hannunku ya saba, yadda tela ba ya tunanin inda zai sa ƙafa a kan keke. Akwai wata tambaya da ta cinye mini dare uku, layi tara ce kacal amsarta. A dare na uku na gane cewa daga natija ya kamata in faro, in tambayi kaina me nake bukata kafin in iso nan, in yi ta ja da baya har in haɗu da muƙaddimomi. Babu wanda zai iya zuba muku wannan a kai. Amfanin littafin farko mai kyau ke nan: yana jera muku tambayoyi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya ba da amsar wasu a baya don ku auna kanku, ya bar sauran a wuyanku.

Zai kuma sa ku saurari harshenku da sabon kunne. In an ce "shayi ko koko?" ɗaya ake nufi. In an ce "mai katin ɗan ƙasa ko fasfo ya shiga", wanda ke da duka biyun ba za a hana shi ba, kuma wannan "ko" ta biyu ita ce ta mandiƙi. Haka "kowane kwaɗo yana da mabuɗin da ke buɗe shi" daban take da "akwai mabuɗin da ke buɗe kowane kwaɗo". Kalmomin kusan ɗaya, amma ta farko zancen kasuwa ne na kullum, ta biyu kuwa da gaskiya ce da babu shagon da zai kwana lafiya.

Akwai abin da har yau nake jin kunyarsa. Da na iso babin kurakuran hujja na koyi sunayensu, sai na mai da su makami. Kowa ya yi magana a gida sai in ce ga sunan kuskurensa. Wata rana na yi wa kawuna haka a zaurensa, gaban almajiransa. Bai yi fushi ba. Ya sa aka ɗauko masa wani ɗan siririn littafi, ya ce, "Ɗana, ka san mai wannan?" Sullamul Munauraƙ ne, na Abdurrahman Al-Akhdari, wato mai Ahalarin da muka karanta muna yara don koyon tsarki da salla. Ban taɓa sanin ya yi rubutu kan mandiƙi ba. Waƙa ce mai baiti 140 da 'yan kai, ya tsara ta a shekara ta 941 bayan Hijira, wato 1534, yana ɗan shekara 21. Kawu ya ce, "Sullam tsani ke nan. Shi da kansa ya ce matsayin ilimin nan ga tunani kamar nahawu ne ga harshe. Ka taɓa ganin wanda ya koyi nahawu don ya riƙa kunyata iyayensa?" Daga nan ya karanto mini sharuɗɗan shakali (siga) na farko na ƙiyasi, wato cire natija daga muƙaddimomi biyu, da ka, sai na ji abin da na sha wuyarsa da Turanci ne yake fitowa daga bakinsa da Larabci. Ya kuma ba ni labarin Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da yadda ya kare ilimin nan a baitocin da suka yi musaya da Imam Suyuɗi, wanda ke ganin haramcinsa. Ashe fannin da nake taƙama da shi kamar na kawo baƙon abu ya riga ni shiga zauren da ƙarnuka.

Sullam ba zai koya muku alamomin zamani ba, waɗanda suka taso daga aikin George Boole a 1854 da na Gottlob Frege a 1879. Copi ma yana da nasa aibin: yana da kauri, yana da tsada, misalansa da yawa daga jaridu da siyasar Amurka suke, sai ka tsaya fahimtar labarin kafin ka kai ga hujjar. In kuɗi ya gagara, akwai forall x na P. D. Magnus, kyauta ne a intanet, gajere, kuma yana da tambayoyi. Kowanne kuka samu, ku tsaya a kansa shi kaɗai har ku gama, domin alamomi da sunayen ƙa'idoji suna bambanta daga littafi zuwa littafi, kuma haɗa uku a farko ya taɓa rikita ni na makonni.

Ku sayi littafin rubutu na musamman. Ku yi aiki da biro, kada ku goge kuskure, ku ja masa layi ɗaya ku rubuta dalilinsa a gefe. Kada ku leƙa amsar baya sai kun kwana da tambayar. In kun makale, ku kai wa malaminku takardun da kuka ɓata, daga su zai ga inda ƙafarku ta zame.