Babur mai ƙafa huɗu a taɓon Kadawa: abin da damina ta koya mini

Babur mai ƙafa huɗu irin na tsere, don yashi da gudu aka ƙera shi. Nawa Yamaha Raptor 700 ne, na hannu, injinsa cc 686, ruwa ke sanyaya shi, kuma tayoyin baya kaɗai ke ja ta hanyar sarƙa. Na saye shi don zagayen gonakin shinkafarmu tsakanin Kura da Kadawa a jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta hanyoyin ban ruwa. Da rani sai dai ƙura, ba wata damuwa. Amma da ruwa ya zauna a watan Agusta, hanyar bakin kwalbati ta jiƙe, sai ka gane robobin da ke saman tayoyinsa ƙanana ne ƙwarai. Tayar ta fi marfinta faɗi, duk abin da ta kwaso kuwa a gadon bayanka da ƙafafun wandonka zai sauka.

Da tufafina na fara damuwa, kamar kowa. Na je kasuwar Kofar Ruwa a Kano neman robar tare laka ta ainihi ban dace ba, sai bakaniken garinmu, dattijo ne da ya daɗe yana gyaran injin ban ruwa da babura, ya ce in samo tsohon bel mai faɗi irin na injin casar shinkafa. Tsohon tif na babbar mota ma ana yankawa, amma ya yi laushi da yawa, iska na kaɗa shi ya shige taya. Bel ɗin yana da tauri, yana kuma lanƙwasa idan ya bugi kunya. Muka yanka huɗu, muka huda robar babur ɗin, muka ɗaure da noti da washa mai faɗi ciki da waje don kada girgiza ta tsaga wurin hujin. Abu biyu muka kiyaye. Shoka ta baya tana nutsewa kusan santimita 25, don haka sai da na hau na danna babur ɗin da ƙarfi muka ga iyakar inda taya ke kaiwa kafin a ɗaure. A gefen salansa kuma muka rage faɗin bel ɗin, saboda zafi na narka shi. Mai walda ya ƙara mini ƙarfe da raga a kewayen matakin ƙafa. Wannan ya wuce maganar tsabta: takalmi mai laka yana zamewa, kuma tayar baya tana daf da diddigenka.

Ranar da muka gama, ina ta murna, sai dattijon ya ce, “Ɗana, rigarka ka kare. Injin fa?”

Na ce, “Baba, ai injin ƙarfe ne.”

Ya nuna mini lagireto da yatsa, bai ƙara cewa komai ba.

Nan ne ainihin aikin yake. Lagireto yana gaba, tsakanin tayoyi biyu masu watso masa ruwan taɓo. Laka ta fadama tana da danƙo. Tana shiga tsakanin siraran ganyayyakinsa, zafin inji ya busar da ita nan take ta zama kamar yaɓen ɗaki. Daga waje za ka ga kamar ba komai, alhali iska ta daina ratsawa. Alamar ita ce fanka ta riƙa juyawa ba hutu, daga nan fitilar zafi ta kama. Na sa masa ragar ƙarfe mai manyan idanu a gaba, da ɗan tazara, tana tare dunƙulen laka da ciyawa. Wani abokina ya ba ni shawarar in rufe gaban gaba ɗaya da faranti, na ƙi, kuma har yau ina ganin ƙin ya fi. Duk abin da ya hana laka shiga baki ɗaya, iska ma ya hana ta. Wankinsa kuwa daga baya zuwa gaba ake yi, da ruwa mai sauƙi, bayan inji ya huce. Ruwan matsi na masu wankin mota yana lanƙwasa ganyayyakin, yana kuma tura ruwa cikin boris ya wanke giris.

Matatar iska tana ƙarƙashin kujera, ta soso ce mai shan mai. A gindin akwatinta akwai ɗan tiyo da ake dubawa. Idan ka ga ruwa ko datti a ciki, to lokacin buɗewa ya yi. Ina wanke soson, in bar shi ya bushe sarai a inuwa, in shafa masa mai in matse, sannan in zizara giris a bakinsa inda yake zama. Ruwan da ya kai kusa da kujera kuwa ba na shigarsa, ko da zagayen zai ci mini rabin awa.

Ƙasan babur ɗin ta baya shi ya fi ba ni aiki. Faifan haƙoran sarƙa da faifan birki suna rataye a kan ƙarfen tayoyin baya, tazararsu da ƙasa kusan santimita 11 ce kawai. A hanyar da amalanken shanu ta yi wa rami biyu, tudun tsakiya yana goge su kai tsaye. Akwai farantin kariya a wurin, na sa aka yi mini mai kauri, amma na ce a bar masa ramuka. Faranti marar rami tara laka yake yi, sarƙa ta yini tana niƙa yashi. Sarƙar irin mai zoben roba ce a tsakanin gaɓoɓinta, fetur yana lalata zoben, don haka da kananzir da burushi mai laushi nake wanke ta, in goge, in sa mai. A ranar nake yi, ba na bari ta kwana, domin lakar da ta bushe ta fi wuyar fita kuma tsatsa ba ta jira. Bayan fita daga ruwa nakan taka birki a hankali na ɗan lokaci har ya bushe ya fara kamawa.

Akwai fantsamar da bel bai magance ba. Hanyar gona ta kowa ce: mata masu kai abinci, yara masu tallar nono, tsofaffi a kan keke. Faɗin tayar nan idan ya faɗa kududdufi da gudu, ruwan yana tashi gefe da gefe ya wuce duk wata roba da ka ɗaura. Idan na hango mutane kusa da ruwa, giya ta ɗaya nake komawa, wani lokacin in tsaya cak su wuce mu gaisa. Da kaka kuma, idan ƙasa ta bushe, ina kwance bel ɗin in wanke in ajiye, ragar lagireto kawai nake bari saboda ƙaiƙayin shinkafa.