Aikin da ba a cewa "a sake"

Ɗaukar hoton bikin aure ce sana'ata. Ƙaramin kamfani ne, ni da mataimakina da wata baiwar Allah mai taya mu gyaran hotuna a kwamfuta. Mutane suna ganin mun more, kullum cikin kwalliya da kiɗa, wani lokaci har da tikitin jirgi zuwa wata ƙasa. Daɗin akwai shi. Sai dai mai ɗaukar hoton kayan talla idan hoton bai fito ba gobe ma rana ce, uwar amarya kuwa sau ɗaya za ta rungume 'yarta hawaye ya zubo. In lokacin kana canza batir, ya wuce ka har abada.

Shi ya sa kyamara biyu nake ratayawa, ɗaya da ido mai 35mm don ɗauko taro, ɗaya mai 85mm don in kamo fuska daga nesa ba tare da mai ita ya tsargu ba. Kowacce tana cin katin ajiya biyu, duk hoton da na ɗauka yana sauka a kansu tare, domin kati yakan mutu ba sallama. Daren biki komai gajiya ba na kwanciya sai na kwafe komai wuri biyu.

Babban yaƙin da haske ake yinsa. Kyamara ba ta san amarya ba. In ta ga farin kaya ya cika mata ido sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, fuskar mai duhun fata ta dusashe. Don haka a kan fuska nake auna haske, in ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, yadda zan iya ceto aikin da ke jikin rigar daga baya. A zauren biki kuma ga fitilu masu launi suna mayar da goshin ango shuɗi. Nan sai in juya filasha ta bugi silin, hasken ya sauko a hankali.

Kafin ranar nakan roƙi a haɗa ni da mutum ɗaya a dangi wanda ya san kowa. Shi zai raɗa mini, waccan tsohuwar da ke gefe ita ta reni ango. Ba ta tashi rawa, ba ta neman kyamara, amma hotonta ne za a kira ni ana nema bayan shekaru.

Aikin ƙasar waje kuwa rabinsa takardu ne. Bizar yawon buɗe ido ta Amurka ba ta ba ka damar yin aikin da za a biya ka a can, kuma ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, da suke barin baƙo kwana 90 cikin 180, kowacce da dokarta kan aiki. Ina tambaya tun kafin in karɓi kuɗin kowa. Ga kwastam: ƙasashe da yawa suna karɓar takardar ATA Carnet, mai aiki shekara ɗaya, wadda ke nuna kayanka na aiki ne, da su za ka koma. Batiran lithium da ba sa cikin na'ura dole su kasance a jakar hannu, wanda ƙarfinsa ya haura 100Wh sai da izinin kamfanin jirgi. Kyamarorin ma ba na yarda su rabu da ni. Akwatin tufafi in ya ɓata zan sayi riga. Ƙaramin jirgi marar matuƙi kuwa, a Maroko ana ƙwace shi tun a filin jirgi in babu izini.

Rana ma tana sauya hali. A Landan cikin watan Yuni sai bayan ƙarfe tara na dare take faɗuwa, a Disamba kafin huɗu na yamma duhu ya fara. Wannan lallausan hasken gab da faɗuwar rana, da kowace amarya ke so, dole in san sa'arsa tun ana tsara jadawalin biki. Saurin bugun wutar lantarkin Amurka 60Hz ne, na Turai 50Hz, in ba ka daidaita kyamara ba sai ka ga bidiyo yana ƙyafta ido.

Bayan an watse, makonni nake yi a gaban kwamfuta ina tace dubban hotuna zuwa 'yan ɗaruruwa. A nan ne muke ɗan ja-in-ja da wasu. Ƙurjin da ya fito ranar biki ina goge shi, gumi ma haka. Amma in aka ce in haskaka fatar amarya har ta zama wata daban, nakan ba da haƙuri, in nuna musu hoton yadda take da gyaran haske kawai. Galibi suna gani suke cewa a bar shi haka.