Sauya bidiyo daga nesa: siriyal ko haɗa waya biyu

Na'urar sauya bidiyo, wato mai zaɓar hoton da za a nuna daga cikin mashigai da yawa, yawanci tana kulle ne a cikin akwatin kayan aiki, mai magana kuma yana can gaban zaure yana son hoton kwamfutarsa ya hau majigi. Rimot mai aiki da haske ba ya ratsa ƙofar ƙarfe, shi ya sa nake jan waya.

Hanya mafi sauƙi ita ce haɗa waya biyu. A bayan na'urar da ke da wannan tsari akwai fil (ɗan ƙarfen da ake jona waya) ɗaya ga kowace mashiga, da fil na ƙasa, wato "ground". Ka haɗa fil na 2 da na ƙasa na ɗan lokaci, hoto ya koma mashiga ta 2. Madanni na yau da kullum ya isa. Sharaɗin kawai shi ne kada ka tura wa fil ɗin wuta daga waje. Idan wata na'ura ce za ta yi dannawar, sa rile, wato makunnin da lantarki ke dannawa, a tsakani. Ga wanda bai saba da kayan aiki ba, madannai uku da suna a jikin kowanne sun fi masa komai.

Amma ni zuciyata tana kan RS-232, wato hanyar siriyal mai aika umarni a rubuce ta waya, domin ita tana ba da amsa. Madanni ya aika umarni ya yi shiru, sai dai in na'urar na da fil na kunna fitilar shaida. Ta siriyal kuwa, a na'urorin kamfanin Extron ka rubuta 2! su koma mashiga ta 2, su kuma dawo maka da saƙon cewa sun koma. In ba ka ganin allon daga inda kake zaune, wannan amsar ce idonka.

Waya uku ake buƙata. A soket ɗin DB9 na kwamfuta, mai fil tara, fil na 2 karɓa ne, na 3 aikawa, na 5 ƙasa. Aikawar wannan ɓangare dole ta faɗa wa karɓar wancan, kuma nan ne mafi yawan matsala take. In na turo umarni na ji shiru, kafin in taɓa komai sai in musanya 2 da 3. Bayan haka in duba gudu: bit 9600 a daƙiƙa ne a galibin na'urori, da bit 8, babu fariti (bit ɗin gano kuskure), bit ɗin tsayawa 1. Haruffan da ba su karantuwa alama ce ta gudun da bai dace ba. Wasu kamfanonin kuma sai an rufe umarni da alamar Enter, in babu ita na'urar ta yi ta jira.

Da manhajar PuTTY da ƙaramin kebul na USB zuwa siriyal nake gwaji. Kada a jona Arduino, ƙaramin allon sarrafa na'urori, kai tsaye, don RS-232 na aiki da wuta tsakanin volt 3 zuwa 15, ta ɓangaren + da ta ɓangaren −. A sa MAX232 a tsakani, wato guntun da ke daidaita wutar ɓangarorin biyu. Idan nisa ya wuce kamar mita 15, ina komawa RS-422, wata hanyar siriyal wadda ke kai mita 1,200.