Tes ɗin da aka yi ina kwance a Mabera

Na gama aji ɗaya a jami'a a Sakkwato, amma har yau in na buɗe sakamakona, kan kos guda idona ke fara sauka. Rijista, biyan kuɗi, layin tantance takardu, kowa ya sha wannan kuma ya wuce. Kiran "jambito" da 'yan aji biyu ke yi mana ma bai taɓa hana ni barci ba. Zama cikin gari shi ne ya ci ni.

Ban samu gado a hostel ba, sai na sauka gidan kawuna a unguwar Mabera, cikin gari, makarantar kuwa tana bayan gari. Kowa ya ce na dace: ga tuwon dare, ga ruwan wanka, ba kuɗin haya. Kawu da kansa ya ce, "Zamna nan ɗana, mi za ka yi cikin daji?" Allah ya saka masa da alheri, bai rage ni da komai ba. Sai dai daga Mabera dole ka hau kabu-kabu zuwa Dandima, sannan ka bi layin bas ɗin makaranta, kuma safiyar Litinin layin nan ba ya tausayin kowa. Wannan na saba da shi. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne labarin aji ba ya biyo ɗalibi gida. A sakandare malami zai rubuta a allo, ya maimaita, ya sa monita ya tuna muku. A nan kuwa malami zai faɗa wa shugaban aji, shi kuma ya jefa a guruf ɗin WhatsApp, shi ke nan an sanar.

Haka aka sanar da tes ɗin wani kos mai yunit 3 da daren Juma'a, cewa za a yi Asabar da sassafe. Unguwarmu ba wuta, wayata a mace. 'Yan hostel ko waya ba su buƙata, maganar ta zaga ɗakuna kafin a kwanta. Ni sai da hantsi na karɓo wayar wurin mai caji, na kunna data, na tarar ana ta muhawara kan amsar tambaya ta biyu. Na je wurin malamin ranar Litinin, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in ba takardar asibiti ba zai sake wa kowa ba.

Wanda bai shiga ba zai ce ai tes ne kawai. To ga lissafin. Maki 70 zuwa sama shi ne A, mai daraja 5. Ƙasa da 40 kuwa F ne, sifili. Ana ninka darajar da yunit ɗin kos, wato nauyin da aka ba shi, don haka A a kos mai yunit 3 maki 15 ne, F kuma ba komai, alhali yunit ukun nan suna cikin abin da za a raba jimillar da shi. Makin tes ana haɗa shi ne da na jarrabawa, ni kuwa na shiga jarrabawa ba makin tes ko ɗaya, kos ɗin kuma ba mai sauƙi ba ne. Kaɗan ya rage in kai 40. Sauran kwasa-kwasan na ci su da kyau, amma wannan F ɗin ya janyo CGPA ɗina, wato matsakaicin darajar duk kwasa-kwasan da na yi, ƙasa da 3.50, inda ake fara lissafin digiri mai daraja ta biyu ta sama. Daren da aka kafe sakamako ko tuwon Inna ban iya ci ba.

Zango na biyu na canja tsari. Na sayi ƙaramar waya mai tocila, irin wadda caji ke daɗewa a cikinta, na ba shugaban aji lambar, na kuma roƙi abokai biyu 'yan hostel su kira ni duk abin da ya taso, ko da tsakar dare ne. Makon tes kuwa a ɗakinsu nake shimfiɗa tabarma. Duk sabon ɗalibin da zai zauna cikin gari, irin su Arkilla, Gidan Igwai ko Runjin Sambo, ya fara neman irin waɗannan mutanen tun makon farko, kafin ma ya sayi handaut. Ya kuma san yunit ɗin kowane kos da ya yi wa rijista, domin ba nauyinsu ɗaya ba.

Zafin Sakkwato na Afrilu, da yake haura digiri 40, shi ma darasi ne: karatun rana ɓata lokaci ne, bayan sallar Asuba kai ke ɗauka. Wannan dai ana jure shi. Zangon na biyu ban faɗi ko ɗaya ba, CGPA ɗin ya ɗan ɗago, amma bai koma inda ya kamata ba.

Kos ɗin nan yana jirana. Bana zan sake zama da sababbin ɗalibai in rubuta shi, a kan lodin kwasa-kwasan aji biyu, kuma na riga na ga lokacinsa ya yi karo da wata lakca ta ranar Laraba. Na faɗa wa Kawu bana hostel zan nema. Bai ji daɗi ba, amma ya ba ni kuɗin katifa.